Wayar Dillali Ranar Idi

Ma'aikacin gwamnati da ya ji sanarwar hutun Sallah daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida sai ya kulle ofis ya kama hanyar gida, albashinsa na nan a ƙarshen wata. Dillalin gidaje da filaye ba shi da wannan gata. Abincinsa la'ada ce, ita kuwa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa: a wurare da yawa kashi 5 cikin 100 na kuɗin gida ko fili, kashi 10 na kuɗin hayar shekara. Ita ma sau da yawa ba tasa ba ce shi kaɗai, domin kafin mai saye ya yi ido huɗu da mai sayarwa an bi ta hannun dillalai uku ko huɗu, kowa na jiran kasonsa. Shi ya sa za ka ga dillali a filin idi, an sallame ke nan, ko addu'a bai shafa ba, hannunsa na laluben aljihu. Tsoronsa ɗaya ne: kada kiran da ya ƙi ɗauka ya zama shi ne na cinikin da ya yi wata uku yana bi.

Tsoron nan yana da dalili. Da Sallah ne 'yan kasuwar da ke Legas da Fatakwal da ma'aikatan Abuja suke dawowa Kano, Katsina, Zariya ko Sakkwato, da kuɗi a hannu da kwanaki ƙalilan, kuma yawancinsu suna son su taka filin da ƙafarsu kafin su koma. Ga angwayen da aka sa musu rana bayan Sallah, dangin amarya sun matsa sai an nuna musu gidan da za a yi jere. Gabanin Babbar Sallah kuma akwai masu sakin fuloti da araha saboda hidima ta sha musu kai, watanni kaɗan bayan waɗanda suka sayar da nasu don cika kuɗin kujerar Makka. Wanda ya kashe waya mako guda a irin wannan lokaci, to abokan sana'arsa sun gode masa.

Sai dai akwai abin da dillalai da yawa ba sa son faɗa wa mai saye: ranar hutu ba a gama cinikin ƙasa, ana dai iya fara shi. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filayen birni suna hannun gwamnan jiha ne a matsayin amana, kuma wanda ke riƙe da takardar shaidar mallaka ba ya da ikon miƙa ta ga wani sai da amincewar gwamna. Kafin a kai nan ma sai an je an binciki fayil, a ga ko sunan da ke kan takarda shi ne na mai sayarwa, ko an jinginar da gidan a banki, ko akwai shari'a a kansa. Masu wannan aiki su ne KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, kuma dukkansu a rufe suke ranar hutu. Lauyan da zai rubuta yarjejeniya yana yawon Sallah. Ko filin awon igiya ne a bayan gari, wanda takardarsa ba ta wuce ta mai unguwa da shaidu ba, shi kansa mai unguwar ya tafi gaisuwa wurin dagaci ko hakimi. Abu ɗaya ne bai san hutu ba, tura kuɗi ta waya. Nan ne ramin yake. Kuɗi na iya fita cikin minti ɗaya, bincike kuwa sai ranar aiki, kuma masu sayar da fili ɗaya ga mutum uku sun fi kowa sanin haka. Duk dillalin da ya ce maka "Alhaji, ka tura yau, akwai wanda zai biya gobe," alhali gari na cikin Sallah, ko dai bai san aikinsa ba ko ya sani fiye da kima.

Saboda haka dillali mai gaskiya ba ya asarar komai idan ya ba iyalinsa jajibere da ranar idi cif. A Kano ma, shekarun da ake hawa, wa zai ratsa da baƙo ta Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe don nuna masa kango? Abin da ake bukata shi ne a shirya hutun tun da wuri. Tun kafin goman ƙarshe na azumi, lokacin da manyan masu saye ke tafiya Umara ko shiga i'itikafi, dillali ya bi masu cinikinsa ɗaya bayan ɗaya ya faɗa musu ranar da zai rufe da ranar da zai buɗe. Mutum ba ya jin haushin "Hajiya, in Allah ya kai mu kwana uku da Sallah, da hantsi, zan zo in kai ki," abin da ke ba shi haushi shi ne waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka. Hotuna da bidiyon gidan a tura ta WhatsApp tun kafin hutu, baƙo ya zaɓi biyu ko uku, kada a ɓata yini ana zagaya unguwanni goma.

Wanda ba zai iya jira ba, kamar mai komawa Legas washegari, a haɗa shi da abokin sana'a da aka yarda da shi. Amma a yanka rabon la'ada tun kafin a miƙa makulli, gaban shaida, ko a rubuce a saƙon waya. Rigimar dillalai da yawa daga "ai mu 'yan'uwan juna ne, ma daidaita" take farawa. In kuma mai saye ya ga abu ya yi masa, ya ba da kafin alƙalami kaɗan da sharaɗin za a mayar masa idan bincike ya nuna matsala, sauran kuɗi su jira buɗe ofis.

Wani abin da ya dace a lura da shi: shekarar Musulunci tana gaza ta Turawa da kwana 11 ko kusa da haka, don haka Sallah na zagaya yanayi. Babbar Sallar 2025 ta faɗo 6 ga Yuni, farkon damina. Mai hankali ya fi son ganin fili bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ya ga inda ruwa ke kwanciya da inda kwata ke bi, domin filin da ya yi kyau da rani yana iya zama kududdufi a watan Agusta. Dillalin da ya ce wa baƙonsa ya dakata har a yi ruwa ya samu hutunsa, ya kuma samu mutumin da zai turo masa ƙannensa da abokansa.

Matar dillali da 'ya'yansa su ma suna da haƙƙi a lissafin nan. Su ne suka yi haƙurin watannin da ba a yi ciniki ba, aka ci tuwo da miyar kuka ba nama. Idan ranar da aka yanka rago ma sai maigida ya bar fiɗa a rabi ya hau babur zuwa Rijiyar Zaki saboda wani ya ce yana son "ya ɗan leƙa" wani gida, to a tambaye shi nawa ne daga cikin irin waɗannan masu leƙen suka taɓa biya.