Daga Tsarnawa zuwa shafukan Faris: Masu tsallake katangar biyan kuɗin jaridu

A Tsarnawa, inda hanyar Yamai zuwa Damagaram ta haɗu da wadda ta nufi Tawa, labari abin kasuwa ne. Mai sayen albasar Galmi yana so ya san ko iyakar Konni da Illela ta Najeriya a buɗe take, ya kuma san yadda Naira ta kwana. Tun da aka dakatar da RFI da France 24 a watan Agustan 2023, sannan BBC ta sha dakatarwar wata uku a Disamban 2024, matasa da yawa sun koma neman labarin ƙasarsu ta waya.

A nan ne suke cin karo da katanga. Ɗan uwa daga Faransa ko Kwaddibuwa zai turo rahoton Jeune Afrique ko Le Monde kan Nijar, ka karanta layi biyar, sai shafin ya ce sai ka biya.

Idan jarida ta sa yuro 10 a wata, hakan ya haura jika 6 da rabi na sefa, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jika 42. Ko mai kuɗin ma zai tarar ana neman katin Visa ko Mastercard, alhali shi da Nita da Amana da Airtel Money ya saba.

Shi ya sa wasu ke liƙa wa burauzarsu wata ƙaramar manhaja. Mafi suna ita ce Bypass Paywalls Clean. Dabararta ba sihiri ba ce. Jaridu da dama na barin na'urar binciken Google ta ga cikakken rubutu domin labarinsu ya fito a sama idan an yi nema, sai manhajar ta yi shigar burtu, ta nuna kamar ita ce Google. Wani lokaci kuma tana goge alamar da ke ƙirga labaran da ka karanta, ko ta hana labulen da ke rufe shafin sauka. Idan jaridar ba ta turo rubutun zuwa wayarka ba tun farko, to sau da yawa manhajar ba ta da abin buɗewa. Chrome na wayar Android ma ba ya karɓar irin waɗannan manhajoji, sai an koma wata burauza irin Firefox.

Masu jaridu ba su naɗe hannu ba. A 2024 an cire manhajar daga GitLab, daga baya GitHub ya bi sahu bayan ƙorafin News/Media Alliance, ƙungiyar masu jaridun Amurka. A Yulin 2025 ƙungiyar ta sanar da rufe shafin 12ft.io mai irin wannan aiki. Yanzu a lunguna ake samo manhajar, kuma nan haɗarin yake: duk abin da ka liƙa wa burauza kana iya ba shi izinin ganin shafukan da kake buɗewa. Wanda ya sauke jabu daga wani zauren Telegram ya miƙa makullin ɗakinsa ga baƙo.

Sata ce ko ba sata ba? Masu yi suna cewa labarin ƙasarsu ne, a kan uranium ɗinsu da sojojinsu aka rubuta, kuma da ma ba za su iya biya ba, don haka jaridar ba ta yi asarar ko dala ba. Hujjar tana da nauyi. Amma rahoton bincike ba daga sama yake faɗowa ba. Akwai wakilin da aka biya kuɗin mota, akwai edita, akwai lauya, kuma talla ta daɗe da ƙaura zuwa Google da Facebook. Mu da muke wannan sana'a mun san abin da ke faruwa idan aljihun jarida ya bushe: mai ambulan ne ke zaɓar kanun labari.

A ganina, ɗalibin da ya leƙa labari ɗaya ba ɗaya yake da mai shafin Facebook da ke kwashe rahoton wasu dungurungum, ya goge sunan marubuci, ya tara mabiya da shi ba. Haka ma ɗan ci-rani mai albashin yuro da katin banki a aljihu, uzurin ɗan Malbaza bai rufe shi ba. Shi ne ma ya fi dacewa ya biya, tunda jaridu irin su New York Times na bai wa mai rajista damar aika wasu labarai kyauta duk wata. ActuNiger da Studio Kalangou da Aïr Info kuwa har yanzu ba su gina katanga ba.