Idan Yaro Ya Daina Jin Ɗanɗanon Abinci

Ba kowane yaro mai ƙin abinci ne ke tsirfa ba, wani yaron ɗanɗano ne ya dushe masa. Mura kan jawo haka, domin yawancin daɗin abinci daga ƙamshi yake. Ciwon kunne ma kan jawo hakan, tunda wata jijiyar ɗanɗano ta cikin kunne ta bi. Ƙarancin sinadarin zinki shi ma yana da hannu.

Wasu za su ce ƙaramin yaro bai iya bayyana abin da harshensa ke ji ba. Gaskiya ne, amma likita ba ya dogara da bakinsa kaɗai. Yakan ɗiga masa zaƙi, gishiri, tsami da ɗaci a kowane gefen harshe, yaron ya nuna hoton da ya dace, kamar na sukari ko lemun tsami, sannan ya duba kunne da hanci.