TAURA BIYU BA TA TAUNUWA

Da an gama girbin hatsi a ƙasar Kiyeshe, kowane magidanci yakan shiga tunanin aikin rani. Wani ya tafi cin rani Najeriya ko Yamai. Wani ya zauna gida yana taɓa wannan, yana taɓa wancan: bana tireda, baɗi kiwon kaji, wata shekara dillancin bisashe. Duk sana'ar da ya shiga baƙo ne a cikinta, kuma baƙon sana'a shi ke ɗaukar asara. Kafin ya gane kan aikin, jarin ya ƙare.

Mutanen da ba haka suke yi ba. Maƙeri yana maƙerarsa, majemi yana majemarsa, wanzami yana riƙe da zabirarsa. Yaro yakan yi shekaru yana zuga wuta kafin a ba shi masaba. Shi ya sa kowa ya san ƙofar da zai nufa in haukarsa ta karye.

Garuruwa ma haka suke yin suna. Galmi ta riƙe albasa, har ƴan kasuwa suna kai ta Abijan da Akara da Kwatano. Maraɗi ta riƙe jar akuya mai yawan haihuwar tagwaye, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai. Mai saye ba ya tambaya, sunan garin ya ishe shi shaida.

Arewa ma ta samu nata. Bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kunce ta kira jama'a ga noman rani. A fadamar Dallol Mawri, inda Kiyeshe take, ruwa ba shi da nisa sosai. Daga shekarun 2000, masu garka na ƙasar Dogondutsi suka dage ga dankalin turawa, har aka san shi a kasuwannin Yamai da sunan garin.

Dankalin nan ba ya son mai garaje. Ana shuka shi in sanyi ya shigo, wajen Nuwamba zuwa Disamba, a haƙe shi bayan kamar kwana 90. Wanda ya makara, zafi zai riske shi, ƴaƴan su fito ƙanana. Gwani ya san iri mai lafiya da ido. Ya san tara ƙasa a gindi, don dankalin da rana ta gani yakan yi kore, ba ya ciwuwa. Ba ya shuka shi inda aka cire tumatir ko tattasai, don cutarsu ɗaya ce. Ya kuma san lokacin haƙa kowa ke kai kaya kasuwa, kuɗi su faɗi, saboda haka mai wurin ajiya mai sanyi shi ke cin riba. Wannan sani ba ya samuwa a rani guda. Wanda ya yi shekara biyar a kai ya fi wanda ya gwada sana'a biyar.

In masu sana'a ɗaya suka yi yawa a gari, sai su haɗa ƙungiya. Su sayi iri da taki tare, su ɗauki mota ɗaya, su tsai da kuɗi da baki ɗaya.

Amma a yi hattara. Riƙe sana'a ɗaya ba shi ne barin gonar hatsi ba. Dattawa suna tune da gyaɗa. Ita ce babbar hajar Nijar a shekarun 1960, kamfanin SONARA yana saye. Sai ga farin 1973, sai ga cutar da ta cinye gyaɗa a 1975. Waɗanda suka rage gero don gyaɗa suka rasa kuɗi, suka rasa abinci. Rumbu shi ne farko, sana'a ta biyo baya.

To, manomi ko makiyayi ya dubi abin da hannunsa ya fi iyawa: garka, ko turkar raguna, ko ƙira, ko ɗinki. Ya zaɓi ɗaya, ya nemi gwani ya koya, ya tambayi malaman gona da na dabbobi. Wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci ya samu littafi, ya rubuta abin da ya kashe da abin da ya samu kowace shekara. Lissafin nan shi zai nuna masa inda zai gyara baɗi.

Allah ya sa albarka a sana'ar kowa, amin.