Kunna Dikodar Talabijin da Batir

Tun daga 2016, lokacin da Nijeriya ta fara sauya watsa shirye-shiryen talabijin zuwa tsarin dijital a Jos, ƙaramin akwatin nan da ake kira dikoda ya zama abokin zaman talabijin. A ƙasar Gumel kuwa, musamman ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar inda wutar lantarki ba ta da tabbas, tambayar ita ce: da me za a kunna shi?

Wutar da ke zuwa ta waya tana da ƙarfin bolt 230, kuma tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa guda. Dikoda ba ta amfani da irin wannan wuta kai tsaye. Baƙin ƙullin da ake soka wa a bango shi ke rage ta, ya mayar da ita mai gudu hanya ɗaya, galibi bolt 12. Irin wannan wuta ce batirin mota ke bayarwa. Saboda haka wanda ya haɗa batir da inbata ya yi zagaye ne kawai: ya ɗaga wutar zuwa 230, ya sake sauko da ita 12, wani kaso ya salwanta a matsayin zafi.

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauka dikoda tana cin wat 12, ƙaramar talabijin mai aiki da bolt 12 tana cin wat 24. Jimla wat 36 ke nan. A raba da 12, a sami amfiya 3. Batir mai 60Ah zai iya awa 20 a takarda, amma irin wannan batir na darma yana saurin lalacewa idan ana zuƙe fiye da rabinsa. Awa 10 ita ce gaskiyar magana, kuma ta wadaci mai shayi a kasuwar Maigatari daren Alhamis.

Sai dai akwai tarko. Batirin da ke kan caji, ko da farantin sola ne, yakan haura bolt 14, wanda kan iya ƙona dikoda, don haka ana buƙatar na'urar daidaita bolt a tsakani. Dole a sa fis kusa da batir, a kuma tabbatar ba a juya wayar (+) da ta (−) ba. Wasu dikodojin ma bolt 5 suke so, kuma a jikinsu aka rubuta.