Aikatau ɗin "Reabsorb" da Matsalar Fassara shi zuwa Hausa

Ma'aikacin lafiya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, da Ingilishi ya yi karatu, amma da Hausa yake yi wa majinyaci bayani. Kalmar "reabsorb" na cikin masu wuyar fassara gare shi. Ɗafa-goshin "re-", wanda asalinsa Latin ne, ma'ana biyu gare shi: maimaitawa da mayarwa. An saba fassara kalmar da "sake tsotsewa", wato ma'ana ta farko kaɗai.

Aikin ƙoda kuwa ta biyun yake nunawa. Kullum ƙodar baligi tana tace kimanin lita 180 ta ruwa daga jini, ta mayar masa da kusan kashi 99 cikin ɗari, saura ya zama fitsari. Ke nan ba tsotsa ta biyu ake nufi ba, dawo da abin da ya fita ake nufi.

Rukunan aikatau da Parsons ya tsara a 1960 sun ba da mafita. Rukuni na shida, mai ƙarewa da "-o", yana nuna tahowa. Saboda haka "ƙoda tana tsotso ruwa ta mai da shi jini" ya fi dacewa, kuma majinyaci zai fi ganewa.