Masassaƙin Jirgi da Ranar da Ruwa Zai Shigo

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gulbin Matan Fada a Argungu ranar su ya ga yadda Bakabe ke shiga ruwa: homa a hannu, ƙaton gora a ƙarƙashin ciki. A kan goran nan yake kwanciya ya yi iyo, a cikinsa yake jefa ƙananan kifayen da ya kama, in kuma numfashi ya ƙare bayan nutso, shi yake rungumewa ya huta. Tun 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama ziyara Argungu aka yi masa bikin su, dubban mutane ke afka wa gulbi a lokaci guda, kowa da abin da zai riƙe shi a saman ruwa. Masunci bai taɓa kiran goransa rigar kariya ba, amma aikin da yake yi masa ke nan. Ita kuwa matar da za ta haye fadama daga wajen Dukku a Birnin Kebbi, da goyo a baya da ƙwaryar fura a ka, ba ta da gora. Abin da take da shi kawai jirgin da ta taka, da hannun wanda ya sassaƙa shi.

Sana'ar nan ta girmi duk wata sarauta da muka sani. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwale-kwalen da masana suka ce ya kai shekara dubu takwas, tsawonsa ya haura mita 8, an sassaƙa shi daga itace ɗaya na dangin maɗaci. A ƙasar Kabi kuma labarin baka na cewa Kanta, sarkin da ya zauna a Surame a ƙarni na 16, yana da jirgin da aka lulluɓe da tagulla, da shi yake zaga ƙasarsa in ruwa ya cika fadama. Ko da tagulla ko babu, mulkin da aka gina a kan gulbi ba zai tsaya ba sai da masassaƙa.

Aikin dā na itace ɗaya ne. A sari maɗaci ko kawo mai kauri, a fere bayansa da gatari, a rarake cikinsa da gizago, ana ƙwanƙwasawa ana sauraro don a san inda ya yi kauri da inda ya kusa hujewa. Irin wannan komi yana da wata baiwa wadda ba a cika faɗa ba: ko ya kife, ba ya zuwa ƙasan gulbi. Itace ne zalla, ba inji, ba ƙarfe, don haka yana nan yana yawo a saman ruwa kamar gungume. Yaran Kabawa sun san abin yi. A birkito shi, a riƙa jijjiga shi gaba da baya har rabin ruwan ya fantsale, ɗaya ya hau ya kwarfe sauran da ƙoƙo, a ci gaba da tafiya. A wasannin Kabanci ma wannan ƙwarewa ce ake nunawa, jama'a na shewa.

Amma ina manyan itatuwan? Gatari da gawayi da gona sun cinye su. Yau masassaƙin jirgi a Argungu ko Birnin Kebbi kasuwar katako yake zuwa, ya zaɓi falankin da mota ta kawo daga kudu, sana'arsa ta koma rabi sassaƙa rabi kafinta. Yakan shimfiɗa katakan ƙasa tukuna, shafaffe ba tudu, domin Gulbin Rima da rani wani wurin ruwan iyakarsa gwiwa, jirgi mai zurfin ciki yashi zai kama. Sai ya kafa haƙarƙari, ya lanƙwaso katakan gefe a hankali kada su tsage, ya bi da ƙusa. Sirrin yana wajen haɗi. Duk inda katako biyu suka gamu akan cusa auduga ko tsumma, a kwarara narkakkiyar kwalta, a rufe da yankin kwano a bi shi da ƙananan ƙusoshi jere kamar ɗinkin hula. Yaron da ya zo koyo yakan daɗe yana miƙe tanƙwararrun ƙusoshi da hura wutar kwalta kafin a bar shi ya riƙe zarto. Ranar da aka tura jirgi ruwa, in ya ɗan yi yoyo ba a damuwa, an san katako zai sha ruwa ya kumbura ya matse bakinsa da kansa.

Ban raina wannan gwaninta ba. Mutumin da ba ya zane a takarda, da ido da igiya yake awo, amma ya fitar da jirgin da zai zauna daidai a ruwa ba karkata, ya cancanci a cire masa hula. Inda nake da magana shi ne wajen ciniki. Mai sayen jirgi tambayarsa ɗaya ce: “Malam, buhu nawa wanga zai ɗauka?” Da buhun shinkafa ake auna jirgi a fadamar Kabi, da shi ake yanke kuɗi. Ba wanda ke tambaya, in ya cika da ruwa fal, zai tsaya a sama ko zai tafi? Kuma abin da mai saye bai tambaya ba, masassaƙi ba zai kashe katakonsa a kai ba.

Jirgin falanki ya gaji siffar komi amma bai gaji baiwarsa ba. Ɗaki ɗaya ne buɗaɗɗe daga goshi har wutsiya, an ɗaura masa injin Yamaha mai doki arba'in wanda nauyinsa ya kai wajen kilo 70, an loda masa babura da buhuna. Ɗan ƙarfin da katako ke da shi na yin sama, wannan kaya ya riga ya cinye.

Ranar Laraba 26 ga Mayun 2021 mutanen jihar Kebbi suka ga ƙarshen wannan lissafi. Jirgi ya taso daga Lokon Minna a jihar Neja zai je Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, ɗauke da mutum fiye da 150, da babura, da buhunan ƙasa daga wurin haƙar zinariya. A tsakiyar ruwa ya dare. Waɗanda aka tsamo da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba, aka yi kwana da kwanaki ana tsamo gawa. Wara tana can kudu, a ruwan Kainji, inda tun da aka kammala madatsar a 1968 kututturan itatuwan da ruwa ya shanye ke tsaye a ƙasa suna jiran cikin jirgi. Rima ba ta da wannan faɗi, amma da damina, musamman in an saki ruwa daga Goronyo da Bakolori, fadamar da ake ratsawa da ƙafa takan zama teku, kuma irin jirgin ɗaya ne, irin lodin ɗaya ne.

Yadda jirgi ke mutuwa ba asiri ba ne. Lodi yakan danna shi har tsakanin bakinsa da ruwa ya rage bai fi tafin hannu ba. Igiyar ruwa ɗaya ta leƙo, ko ƙusa ta saki. Ruwan da ya shigo kuma ba zama yake yi wuri ɗaya ba, duk inda jirgi ya ɗan karkata can yake kwarara gaba ɗaya, ya ƙara danna wannan gefe. Fasinjoji su firgita su miƙe, su ruga ɗaya gefen, ruwan ya biyo su. Sau biyu ko uku, shi ke nan. Wannan ruwa mai yawo a cikin jirgi ba ƙananan jirage kaɗai yake kayarwa ba. Shi ya kifar da Herald of Free Enterprise a bakin tashar Zeebrugge ta Beljiyam a 1987, cikin 'yan mintuna, mutum 193 suka rasu.

Maganin da maƙeran manyan jirage suka samo shi ne a raba cikin jirgi ɗaki-ɗaki da bangon da ruwa ba ya ratsawa, in ɗaya ya huje sauran su riƙe. Mutanen Sin sun yi wannan da katako ɗaruruwan shekaru kafin Turawa su yi da ƙarfe, har UNESCO ta sa fasahar cikin gadon da ke buƙatar ceto a 2010, shekara shida kafin ta sa bikin Argungu cikin wani jerin nata. Titanic ma tana da irin ɗakunan har 16, an ƙera ta yadda ko huɗu na gaba sun cika za ta zauna. Ƙanƙara ta buɗe fiye da haka a daren Afrilun 1912, bangayen kuma ba su kai sama sosai ba, ruwa ya riƙa tsallakawa daga ɗaki zuwa ɗaki. Duk da haka sai da ta yi awa biyu da minti arba'in kafin ta nutse, lokacin da zai isa a kwashe mutane da dama in da akwai abin kwasa. Kwale-kwalen ceto 20 ne kawai, na mutum 1,178, alhali mutanen ciki sun haura 2,200. Daga wannan asara aka haifi yarjejeniyar kare rayuka a teku, SOLAS, ta 1914. Su waɗancan maƙera sun daina alƙawarin cewa jirgi ba zai nutse ba, suka koma neman yadda zai nutse a hankali, a miƙe, da abin kamawa a kusa.

Akwai kuma layin Plimsoll, wanda dokar Ingila ta 1876 ta wajabta: alama a jikin jirgi, in ruwa ya taɓa ta lodi ya ƙare. Fenti ne kawai. Masassaƙi ya fi kowa sanin inda ya kamata layin nan ya zauna a jirgin da ya fito daga hannunsa, kuma da a ce yana shafa shi da jan fenti kafin ya miƙa, da tsohuwar da ke bakin mashiga ta samu abin nunawa. Yanzu in ta ce, “Ɗan nan, jirgin ga ya cika,” amsar da take samu ita ce, “Inna, shiga da bismilla, kullum haka muke tafiya.”

Sauran dabarun ma ba su fi ƙarfin zarto da guduma ba. A toshe goshi da wutsiya da katako a shafe da kwalta, su zama akwatuna biyu na iska. A kafa allo biyu ko uku a tsakiya masu tsayi, don ruwan da ya shigo ya rasa filin gudu. A zagaye bayan jirgi da igiya mai lanƙwasa-lanƙwasa, domin jirgin da ya kife santsi gare shi kamar bayan tarwaɗa, kuma Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa zai kama. Sai jarka. Jarkar lita 25 wadda ba komai a ciki, in murfinta ya ɗauru, tana ɗaga kusan kilo 25 a ruwa. Mutum kuwa in yana cikin ruwa ba nauyinsa duka ake ɗagawa ba, abin da bai wuce kilo 10 zuwa 15 ba ya isa ya riƙe kansa a sama, gwargwadon ƙarfin rigar kariya ke nan. Jarka uku sun ɗauke nauyin inji. Jarka goma sha biyu a ɗaure tamau a ƙarƙashin benci, a jikin gefe ba a ƙasan ciki ba don kada su birkita shi, za su iya hana jirgin da ya cika da ruwa tafiya ƙasa, muddin an ture babura da buhuna. Goran masunci ne ya dawo da rigar roba. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya, wurin jarkar tun a wajen kafa haƙarƙari ake barinsa.

Hukuma na nata ƙoƙari. NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa mai hedikwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare da lodin wuce kima, ta wajabta rigar kariya, HYPPADEC, hukumar raya yankunan madatsun wutar lantarki, ta raba riguna a garuruwan bakin ruwa ta kuma sa an sare kututture a wasu hanyoyi. Ana ta kiran a koma jirgin faiba, wanda akan cusa wa soso mai hana nutsewa tun daga masana'anta. Madalla. Amma riga takan tsufa, takan ɓace, wani lokaci takan koma matashin kai a rumfar matuƙi, kuma jami'i ba zai tsaya a kowace mashiga daga Augie zuwa Bunza ba. Jirgin faiba in ya fashe, a ƙauye wa zai liƙe shi? Abin da aka kafa da ƙusa a jikin jirgi shi ne ba a mantawa da shi a gida. Shi ya sa nake ganin duk taron da za a yi kan haɗarin ruwa a Birnin Kebbi, in an gayyato Sarkin Ruwa da shugabannin matuƙa aka bar masassaƙa a bakin gulbi, an bar mai maganin a waje.

Na san abin da mai jirgi zai ce, kuma ba ƙarya zai yi ba. Akwatin goshi wurin buhu biyu ne. Allon tsakiya zai hana a kwantar da babur. Ƙarƙashin benci kuwa nan mata ke tura kaji da ƙullin kayan miya ranar kasuwa, kuma kowane ƙulli da kuɗinsa.