Daren Kilomita Biyar: Wa Zai Nuna Wa Yaranmu Kaza Da 'Ya'yanta?

Sau biyu ko uku a shekara mutanen Kokoro da sauran unguwannin Kilomita Biyar kan ɗaga kai su dubi sama da gaske: daren neman watan azumi, daren neman watan Sallah, sai kuma in an ce wata ya yi zazzaɓi. In an wuce nan, shi ke nan. To, amma fa ranar 29 ga Sha'aban, a lura da masu tsayawa bayan magariba suna hangen yamma. Galibinsu dattawa ne. Samari kuwa kansu na kan waya, suna jiran a aiko musu da labari daga Makka ko Sakkwato.

Ba laifin yaran ba ne. Wanda aka haifa dab da rikicin 2013 da 2014 ya tashi a lokacin da ba uwar da za ta bar ɗanta a waje bayan isha'i. Dandali ya mutu, tatsuniya ta bi shi, sunayen taurari kuma suka bi tatsuniya. Na tambayi 'yan ajina abin da ake kira Gamzaki, ɗaya ya ce ai sunan motar kaya ne.

Alhali kuwa Bahaushe ya san samansa. Akwai Zara, wadda ake ce wa matar wata, mai ƙyalli a yamma bayan faɗuwar rana. Akwai Gamzaki mai fitowa gabas da asuba, agogon matafiya da masu sahur. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, su biyun nan abu ɗaya ne. Duniya ce kamar tamu mai kewaya rana, Larabawa na kiranta Zuhura. Takan yi watanni tana bayyana da yamma, ta ɓace, sa'an nan ta dawo da asuba. Sai Kaza da 'Ya'yanta, wato Surayya, tarin ƙananan taurari da mai kaifin ido kan ƙirga shida ko bakwai. Hasken da muke gani nata ya baro can fiye da shekara 400 da suka wuce, ga shi na rana minti takwas da 'yan kai yake yi ya iso mu.

Malamanmu na dā sun wuce nan. Sun raba shekara zuwa taurari 28, kowane kwana 13, in ban da Jabha mai 14, jimilla 365. Da su manomin Sakkwato da Katsina ke sanin lokacin shuka: Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, har zuwa gaba. Sai dai a yi hattara, wannan lissafi na damunar ƙasar Hausa ne. Nan Bangi ruwa kan sauka tun wajen Maris, bai ɗaukewa sai Nuwamba ta kama, don haka wanda ya ɗauko jadawalin kakansa sak zai sha mamaki. Kuma Bakatsinen nan Muhammadu al-Kashnawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya bar littattafai kan lissafi da taurari da har yanzu masana ke nazari.

Wani zai ce, Malam, ai duban taurari bokanci ne. Wannan magana ita ce ta fi hana iyaye sakin 'ya'yansu, kuma ya kamata a warware ta. Mai cewa tauraro kaza ya nuna za ka yi arziki ko aurenka zai mutu, wannan ɗan duba ne, malamai sun daɗe da yin tir da shi. Amma sanin yaushe wata zai tsaya, ina alƙibla take, yaushe alfijir ke ketowa, wannan ilimin falaki ne, kuma ba ladanin da ya wadatu daga gare shi. Wata kan cika zagayensa a kwana 29 da rabi, shi ya sa wani watan ke yin 29 wani 30, shekarar Hijira kuma ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11. Yaron da ya gane wannan ba zai rikita jinjirin wata da guntun gajimare ba.

A wasu ƙasashe masu sha'awar abin ba su jira gwamnati ba. A San Faransisko ta Amurka, a 1968, wani mai suna John Dobson da abokansa suka fara kafa madubin hangen nesa da suka haɗa da hannunsu a bakin titi, kowa ya zo wucewa a ce masa ya leƙa wata, kyauta. A Kenya, Susan Murabana da mijinta sun shekara fiye da goma suna yawo da irin wannan madubi makaranta makaranta. Mu nan ko wannan ba sai mun kai ba. Tabarau mai hangen nesa irin na 'yan farauta ya isa ya nuna ramukan wata, kuma in an jingina shi da katanga don kada hannu ya yi rawa, za a iya hango wasu daga cikin watanni huɗu na Mushtari da Galileo ya gano a 1610. Ɗauke wutar kuran da muke kuka da shi kullum, a nan kam ya zama gobarar Titi, don duhu shi ne jarin mai kallon sama. Daga Disamba zuwa Fabrairu, daren da hazo ya lafa, filin makaranta ko harabar Babban Masallaci bayan isha'i ya wadatar. Malami ɗaya, dattijo ɗaya mai sunayen taurari a ka, da yardar iyaye da mai unguwa.

Sama ma ba ta yi mana rowa ba. Husufin rana mai kamar zobe na 15 ga Janairu 2010 daga yammacin ƙasar nan ya faro da hudowar rana, na 21 ga Yuni 2020 kuma ya ratsa kudu maso gabashinta. Daren 27 ga Yuli 2018 wata ya yi awa ɗaya da minti 43 cikin inuwar duniya, ya yi jajawur. Yara sun buga gwangwani suna roƙon rana ta saki wata, amma nawa ne aka zaunar aka nuna musu da fitila da lemo biyu yadda abin ke faruwa?

Na gaba da ya kamata a shirya wa shi ne na ranar Litinin 2 ga Agusta 2027. Rana za ta rufe ruf a Luksor ta Masar sama da minti shida, inuwar ta bi ta Jidda da Makka. Mu nan ɗan gefenta kawai wata zai gutsura, kafin azahar. Kada kowa ya dube ta da ido tsirara, ko da baƙin tabarau, ko gilashin da aka shafa wa hayaƙi, don tana ƙona ganin mutum ba tare da ya ji zafi ba. A huda kwali da allura, a ba rana baya, a bar hasken ya sauka kan farar takarda. Wanda bai da kwali ya tsaya gindin mangwaro ya dubi ɗigon hasken da ke ƙasa.